Tuwo ne ke juya tarihi, ko tunani?

Ɗalibar Tarihi: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina da jarrabawa ranar Litinin, kuma akwai darasin da ya ɗaure mini kai. Malaminmu ya kawo mana ra'ayin Karl Marx a kan tarihi, wai duk abin da ake gani a cikin al'umma, tun daga sarauta da shari'a har yadda ake aure da rabon gado, tushensa yana cikin hanyar da mutane ke samar da abin ci da abin sawa. Na haddace tsaf, amma zuciyata ba ta kama ba. Ta yaya garma da masaƙa za su haifi dokar ƙasa? Don Allah wanda ya gane ya warware mini da Hausa.

Malam Na-Samaru: Wa alaikumus salam 'yata. Gara da kika ce ba ki gamsu ba, mai haddar da bai tambaya shi ne ke faɗuwa.

Fara da mutanen. Marx Bajamushe ne, an haife shi a Trier a 1818, ya mutu a Landan a 1883. Amininsa Friedrich Engels ɗan mai kuɗi ne, mahaifinsa na da hannun jari a wani kamfanin kaɗin zare a Manchesta, aka tura shi can a 1842 ya koyi kasuwanci. Abin da ya gani shi ne ƙashin bayan maganarsu. Mutanen da kakanninsu manoma ne ko masaƙan gida sun taru a gari guda, ba gona, ba kayan aiki, abin da ya rage musu na sayarwa ƙarfin jikinsu kaɗai. Yara ƙanana suna aiki a ƙarƙashin inji, har sai da majalisar Ingila ta yi doka a 1833 ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara 9 ba a masaƙu. Duba da kyau, wa ya haifi wannan dokar? Kafin a yi masaƙar ai ba wanda ya yi mafarkinta. Ga amsar tambayarki ta farko nan.

A bakin kabarin Marx, Engels ya taƙaita ra'ayin da cewa dole mutum ya ci, ya sha, ya sami wurin kwana da sutura kafin ya shiga siyasa ko ilmi ko fasaha. Kuma mutum ba ya samar da waɗannan shi kaɗai. Don haka abu biyu suke dubawa. Akwai ƙarfin samarwa, wato ƙasa da kayan aiki da gwanintar hannu. Akwai kuma dangantakar da ke tsakanin mutane a wajen aikin: wa ya mallaki gonar, wa ke sunkuyawa a cikinta, wa ke kwashe rarar idan an cire abin da zai rayar da mai sunkuyon. Wannan dangantakar ce Marx ya kira tushe a gabatarwar littafinsa na 1859, ya ce a kanta aka ɗora ginin doka da siyasa. A nan ne kuma ya ce ba tunanin mutane ke tsara zamansu ba, zamansu ne ke tsara tunaninsu. Idan kayan aiki suka ci gaba har tsohuwar dangantakar ta zame musu ƙaramar riga, sai rigar ta yage. Yagewar ita ce juyin juya hali.

Ɗan Kwari: Malam, duk wannan doguwar hanya ai Bahaushe ya yanke ta tuntuni: da ruwan ciki ake jan na rijiya. A ba mu namu digirin mu ma.

Ustazu: Malam Na-Samaru, Allah ya ƙara basira, amma ina jin tsoron kada a shayar da yarinya guba a cikin zuma. Wannan ra'ayin Larabawa maddiyya suke ce masa, wato ba komai sai abin da ake taɓawa. Mai shi kuwa shi ne ya ce addini banjun talakawa ne, ya kwatanta shi da abin da ke gusar da hankali. In aka karɓi tushen, to an karɓi cewa imani ma inuwar tattalin arziki ce. Ni kuma ina da tambaya guda. A 1804 Shehu Usmanu ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu, jama'a suka bar gidajensu da rumbunansu suka bi shi, wasu ba su sake ganin garinsu ba. Wane inji aka ƙirƙiro a Gobir a shekarar? Fartanyar da ake noma da ita kafin jihadi ita ce dai bayan jihadi. To ga daula ta rushe, wata ta tashi, kayan aiki ba su motsa ba. Me ya motsa in ba zukata ba?

Malam Na-Samaru: Allah gafarta Malam, tambayarka ta yi, kuma ba zan kewaye ta ba. Marx ba mai addini ba ne, wannan ba a ɓoye yake ba, ba kuma wanda ya ce a ɗauki aƙidarsa. Amma duba al'umma ta fuskar sana'arta ba shi ya fara ba. Ibn Khaldun, alƙalin Malikiyya ne a Alƙahira, ya rubuta Muƙaddima a 1377, shekara fiye da 400 kafin a haifi Marx. A ciki ya ce bambancin halayen al'ummomi daga bambancin hanyar neman abincinsu yake, ya kuma ce abin da mutum ke samu na riba ƙimar aikin ɗan Adam ne. Da haka ya bayyana dalilin da ya sa mutanen ƙauye da makiyaya ke da ɗabi'a dabam da ta mutanen birni. Ba wanda ya kore shi daga Musulunci a kan wannan.

Batun jihadi kuma, buɗe Kitabul Farƙi na Shehu. A cikin laifuffukan da aka lissafa wa sarakunan Haɓe akwai jangali, akwai kuɗin gari, akwai gaisuwa da ake kai wa masu mulki, akwai abin da ake ƙwace wa masu sayarwa a kasuwa. Duk maganar wa ke wahala wa ke kwasa ce. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, a binciken da ya yi a kan Katsina daga 1400 zuwa 1883, ya ƙi yarda a karanta abin a matsayin faɗan Fulani da Haɓe kawai. Ya bi ta kan birane da fatauci da tsarin sarauta da matsayin malamai a cikinsa. Makiyayin da jangali ya ishe shi da manomin da aka kwashe wa rumbu, kunnensu ya fi saurin kama wa'azin adalci.

Ustazu: Shehu ya lissafa su ne don haramun ne, ba don lissafin riba da hasara ba. Da zaluncin ya kai haka amma babu mai cewa Allah ya hana, da an ci gaba da haƙuri kamar yadda aka yi shekara ɗaruruwa. Yunwa na sa mutum ya yi gunaguni, amma ba ta koya masa abin da zai kafa in ya rushe. Wannan daga littafi yake fitowa.

Malam Na-Samaru: Wannan ta ƙarshen na karɓa, zan dawo kanta. Sai dai ka riƙe cewa bayan an kafa daular, rinjoji ne suka cika ƙasar Kano da Zazzau, bayi na noma auduga da baba da dawa. Tutar ta canza, mai sunkuyo a gona bai canza sosai ba.

Hajiya Mai Ƙuli: Ku malamai kun haye sama, bari in sauko da ku tsakar gida. 'Yata, ni ban san Markis ba, amma na san dutsen niƙa. Ina yarinya a ƙauyenmu, kafin assalatu za ki ji gurzar dutse daga kowane gida, mace ta durƙusa tana niƙa tana waƙa. A cikin waƙar nan take zagin kishiya, take yi wa uwar miji habaici, ba mai ce mata don me. Gida mai mutum ashirin kuwa, mace ɗaya ba ta iya ci da shi. Surfe, wanki, shanya, niƙa, tankaɗe, kafin a kai ga tuƙi rana ta yi. Shi ya sa in maigida ya ce zai ƙara aure, wata uwargidan har hamdala take yi a ɓoye, don ta sami mai kama mata. Shi ya sa kuma ake riƙon 'ya'yan dangi, yarinya ita ce hannu na uku.

Da aka kawo injin niƙa bakin kasuwa, ranar farko har da masu cewa garinsa warin ƙarfe yake, maza ba za su ci ba. Ba a shekara ba duk dutsen ya koma bayan ɗaki, kaji na hawa. Waƙoƙin suka tafi da shi, jikokina ko baiti ɗaya ba su sani ba. Mu kuma lokacin da ya rage mana muka zuba shi a sana'a. Da can kwano biyu na gyaɗa in na soya na murje na daka a turmi, na gama yini. Da injin markaɗe sai na koma rabin buhu, in matse mai, in murza tunkuza in soya ƙuli, yara su fita talla. Da kuɗin na yi wa 'ya'yana mata uku kayan ɗaki, kuma tun daga lokacin muryata a gidan ta canza. Maigida, Allah ya jiƙansa, ya fara cewa "me kika gani?" kafin ya yanke magana. To ban sani ba ko wannan ne karatun naku.

Malam Na-Samaru: Hajiya, wallahi shi ne, har ma kin faɗa kan misalin mai shi. A littafin da ya mayar wa wani masani Bafaranshe mai suna Proudhon martani a 1847, Marx ya ce dutsen niƙa na hannu yana ba ka al'umma mai ubangidan ƙasa da talakawansa, injin niƙa mai tururi kuma ya ba ka al'umma mai ɗan jari-hujja. Bambancinku da shi, shi bai taɓa durƙusawa a kan dutsen ba.

Ɗalibar Tarihi: Mama na gode, wannan ya zauna mini fiye da shafi goma. Amma Malam, ke nan inji shi ne sarki, mu 'yan kallo ne? Duk inda aka kai inji iri ɗaya sai a sami al'umma iri ɗaya?

Ɗan Kwari: Ƙanwata, bari ɗan kasuwa ya amsa wannan, don labarin kakanninmu ne. Da Turawa suka ja layin dogo ya iso Kano a 1911, ba gyaɗa ce a ransu ba. Auduga suke so. Masu masaƙun Lankasha ta Ingila sun sha wuya lokacin yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 da auduga ta yanke musu, har suka kafa ƙungiyar noman auduga a 1902 don su sami wata madogara. Sun karanta yadda Barth, Bajamushe matafiyi da ya zo Kano a 1851, ya ba da labarin tufafin Kano na kai wa har Timbuktu da Tarabulus, suka ce ai ga aljannar auduga. Abin da ba su lissafa ba, masaƙanmu da marinanmu na sayen audugar da tsadar da Bature ba zai iya biya ba. Manomi kuma ya duba ya ga gyaɗa in kasuwa ta faɗi zai iya ci, auduga kuwa ba ta shiga tukunya. Fataken goro, masu jari da yaran gida a kowane lungu, suka shiga ƙauyuka suna ba da bashi da gishiri da tufafi a kan a noma gyaɗa. Kakar 1912 tashar jirgi ta cika har aka rasa taragon kwasa. Daga cikin irin waɗannan fatake Alhassan Ɗantata ya fito, dalar gyaɗa ta biyo baya.

Jirgin na Bature ne, amma abin da aka loda a ciki mu muka zaɓa. To ina injin ya zama sarki a nan?

Malam Na-Samaru: Alhaji ka kawo misali mai kyau, sai dai ka tsaya a rabi. Shi kansa Marx ya rubuta a 1852 cewa mutane su ke yin tarihinsu, amma ba yadda suka ga dama ba, a cikin yanayin da suka tarar suke yi. Manomin ya zaɓi gyaɗa a kan auduga, gaskiya ne. Yana da zaɓin ya ƙi noma abin sayarwa gaba ɗaya? Babu, domin haraji ya koma sai da kuɗin Bature, ba wuri, ba dami. Dole ka noma abin da kanti zai saya. Daga nan bi zaren ki gani, 'yata. Saurayin da ke cikin gandun ubansa, yana jiran uba ya biya masa haraji ya yi masa aure, ya ga gayaunarsa ta gyaɗa ko cin rani na kawo masa sulalla a hannu. Me zai zaunar da shi? Gandu ya fara tsagewa, girman uba a kan ɗa ya ragu. Turawa suka ce duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, ba bawa ba, a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa, masu rinji suka koma neman 'yan ƙwadago. Wasu masu bincike ma sun ce kulle ya yaɗu a karkara a wannan zamanin ne, saboda fita gona alamar baiwa ce, wadda ta sami 'yanci kuwa abin da take fara yi shi ne ta ajiye fartanya. Ki lura, hukuncin kulle yana cikin littafi tun da daɗewa. Abin tambaya shi ne me ya sa a wannan lokacin ya samu shiga gidan talaka.

Su ma masu ra'ayin sun ga ana wuce gona da iri. A 1890 Engels ya rubuta wa wani mai suna Joseph Bloch wasiƙa, ya ce samar da abin rayuwa shi ke rinjaye a ƙarshen lissafi, amma duk wanda ya murɗa maganar ya ce shi kaɗai ne ke aiki, ya mayar da ita shirme. Ya ma amsa cewa shi da Marx suna da laifi a ciki, don sun matsa wa ɓangare guda saboda gardama da abokan hamayya.

Ɗan Maraɗi: Gaisuwa ga manya. Mu ma nan gyaɗar ce ta tada Alhazan Maraɗi, da lanho da Faransa ta ɗora wa kowane kai. Da fari na shekarun 1970 ya kashe gyaɗa, sai arzikin ya koma kan iyaka, fiton kaya tsakaninmu da Katsina da Kano. Yau in Abuja ta rufe boda, kamar yadda aka yi a 2019, har sadaki sai ya ji a jikinsa a garinmu.

Baban Kakuri: Tun ɗazu nake karantawa, jikana ke rubuta mini, idona ya yi rauni. Shekara 24 na yi a masaƙa a Kaduna, ba zan kama sunanta ba. Masaƙar farko a garin an buɗe ta a 1957, kafin a jima Kakuri da Makera sun zama gari guda na ma'aikata. In jiniya ta yi kuka ƙarfe biyu na rana, masu aikin safe na fita masu aikin rana na shiga, keke kamar fari, mai tuwo da mai shayi da mai gyaran taya kowa ya san rabonsa ya zo.

Abin da nake so yarinyar nan ta ji shi ne wannan. Na zo daga ƙauye ina ɗan shekara 19, ban taɓa cin abinci kwano ɗaya da wanda ba Musulmi ba. A layinmu na saƙa, na dama da ni Tibi ne, na hagu mutumin Kagoro, mai gyaran inji Ibo. Ƙarar inji ba ta bari a ji magana, da hannu da ido muke zance. In zare ya tsinke a wajena ina bayi, na kusa ya ƙulla mini, don in fomen ya gani dukanmu za a yanka wa. Ba wanda ya yi mana wa'azin haɗin kai. Ƙurar auduga ɗaya muke shaƙa, tari ɗaya muke yi, ranar albashi ɗaya. Da aka tashi yajin aiki, wanda ya riƙe mini hannu a bakin get da 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa, sunansa ma ba na iya faɗa daidai.

Sai kaya suka fara shigowa ta bayan fage, wuta ba ta tsayawa, baƙin mai ya yi tsada, auduga ta ja baya. Aka fara sallama rukuni-rukuni. Rikicin 2000 ya zo ya tarar da samari zaune ba aikin yi, gari ya rabe, kowa ya kwashi iyalinsa ya koma inda nasa suka fi yawa. Ni ma na sayar da ɗakina na haye gada. Wata safiya muka je aiki muka ga kwaɗo a get, har yau haƙƙinmu na sallama bai fito ba, da yawa sun mutu suna jira. Abokina Tibin nan, da muka yi shekara 20 kafaɗa da kafaɗa, rabona da shi tun ranar. Ba faɗa muka yi ba. Abin da ke haɗa mu ne aka kulle.

Hajiya Mai Ƙuli: Allah sarki Baba. Allah ya fitar muku da haƙƙinku.

Lauyan Zaure: Amin. Baba, labarinka ya taɓa ni, amma ku yi mini haƙuri in zuba ruwa a wutar nan kaɗan. Ra'ayi ana auna shi da abin da ya hango. Marx ya sa ran ma'aikatan ƙasashen da masana'antu suka fi ƙarfi su za su kifar da jari-hujja. Ingila ba ta yi ba, Amurka ba ta yi ba. Inda aka yi, Rasha ce a 1917 da Sin a 1949, ƙasashen manoma. An ce ma'aikaci ba shi da ƙasa, ɗan'uwansa ma'aikaci ne ko'ina yake. A watan Agustan 1914 jam'iyyar 'yan gurguzu ta Jamus, wadda ta fi kowace girma a Turai, ta kaɗa ƙuri'ar amincewa da kuɗin yaƙi, ma'aikacin Jamus ya je ya harbi na Faransa. Tarayyar Sobiyet kuma da aka gina da sunan ra'ayin ta watse a 1991, bayan miliyoyi sun mutu a yunwa da sansanonin Stalin. Sannan wannan "a ƙarshen lissafi" da Malam ya kawo, ƙofar gudu ce. In abu ya dace a ce tattalin arziki ne, in bai dace ba a ce ƙarshen lissafin bai zo ba tukuna. A kotu shaidar da ba yadda za a yi a ƙaryata ta ba shaida ba ce. Wani masani Bajamushe, Max Weber, ma ya juya hoton a 1905, ya nuna yadda tarbiyyar wasu ɗariƙun Kirista ta taimaka wajen haifar da halin tara jari. Labarin Baba kansa ai yana da kaifi biyu: shekara 20 a layi ɗaya, amma da wuta ta tashi kowa gidan addininsa ya gudu.

Baban Kakuri: Lauya, gudun tsira dabam, ƙiyayya dabam. Kuma lokacin da masaƙu ke aiki sosai, an yi rigingimu a wasu wurare amma a cikin get ba a taɓa ɗaga wa juna hannu ba. Wannan da idona na gani.

Malam Na-Samaru: Barista, rabin tuhumarka na amsa laifi. Duban da aka yi na abin da zai faru ya sha ƙasa, musamman jerin matakan nan da aka mayar kamar karatun allo a zamanin Stalin, wai kowace al'umma sai ta bi ta bauta, ta bi ta mulkin iyayen ƙasa, ta bi ta jari-hujja, sannan gurguzu. Mun sha wahalar wannan a jami'a, ɗalibi ya zo yana neman ya cusa masarautar Kano cikin rigar Turai ta tsakiyar zamani, alhali hakimi a birni yake zaune, ƙasa ba mallakarsa ba ce, ana iya tuɓe shi gobe. Shi kansa Marx da wata 'yar Rasha, Vera Zasulich, ta tambaye shi a 1881, ya ce bayanin da ya yi na asalin jari-hujja ya taƙaita ne ga Yammacin Turai. Mabiya sun fi mai abu zafi.

Inda ban bi ka ba shi ne a zubar da tambayar tare da duban. Ka bayyana mini Nijeriya bayan 1970 ba tare da ita ba. Lokacin gyaɗa da auduga, gwamnatin Arewa daga gumin manomi take ci ta hannun hukumar sayen amfanin gona, dole ta san halin da yake ciki ko don aljihunta. Da fetur ya zama shi ne baitulmali, ga fari, ga cutar da ta cinye gyaɗa a 1975, sai mai mulki ya daina buƙatar manomi in ba ranar zaɓe ba. Ido ya koma kan kason wata-wata. Neman sababbin jihohi da ƙananan hukumomi, da kashe-kai a kan kujera, duk ka bi sawunsu za ka tarar da bututun mai. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Ustazu: To ai ga inda za mu haɗu, Malam, ka ce za ka dawo kan maganata ba ka dawo ba. NEPU da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, takardar Sawaba ta fito fili ta ce akwai gwagwarmaya tsakanin masu riƙe da mulkin En'e da talakawa. Harshen su Marx ne wannan, ban musa ba. Amma da Malam Aminu Kano da Malam Sa'adu Zungur suka shiga cikin jama'a, da me suka yi magana? Da aya da hadisi da tarihin Shehu, don 'ya'yan gidan malamai ne. Da sun tsaya a kasuwa suna cewa tushe da gini, ko mai tallan goro ba zai tsaya ba.

Malam Na-Samaru: Haka ne. Kuma abin da PRP ta fara yi da ta karɓi Kano da Kaduna a 1979 shi ne soke haraji. Kai ka ɗauki ayar, ni in ɗauki harajin, mu ga wanda zai iya ba da labarin shi kaɗai.

Mai Adaidaita: Salamu alaikum, ku yi haƙuri ƙaramin cikinku zai sa baki, ina layin shan mai ne nake bin ku. Ni abin da na gane a maganar Malam ta wa ya mallaka wa ke sunkuyo, kullum ina cikinta. Da acaɓa nake yi, mashin nawa ne, in na gaji in koma gida. Da aka hana acaɓa a Kano a 2013 na koma Adaidaita, ita kuwa ta fi ƙarfin aljihuna, sai wani Alhaji ya saya ya ba ni, kullum in kai balas. Ko an yi ruwa, ko ina zazzaɓi, ko taya ta fashe, balas ba ya jin uzuri. Daga safe zuwa azahar na mai da na Alhaji nake nema, abin da ya biyo bayan la'asar shi ne na cefane. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, wani lokacin har magariba ban fara neman nawa ba.

Abin da ya ba ni mamaki da kaina, da ina da mashin ba ruwana da kowa, har ina zagin 'yan ƙungiya. Yanzu ni ne ke yawo ina tara mutane in an ƙara mana kuɗin takarda. Kuma ranar zaɓe, wanda Alhaji ya ce shi na dangwala wa, ba don ya tilasta ni ba, kawai dai na ga makullin a hannunsa yake. Sai dai Ustazu ma yana da gaskiya, don Alhajin nan da matata ta haihu ya yafe mini balas na sati guda, ya ce saboda Allah. Wani mai keken ba zai yi ba, alhali lissafinsu ɗaya.

Ɗalibar Tarihi: Yaya, wallahi da kai zan buɗe amsata. Malam, tambaya ta ƙarshe. Aikin da Mama ta lissafa, surfe da niƙa da girki da raino, wanda ba a biya, yana cikin tushen ko yana cikin ginin? Littafinmu bai ambace shi ba ko sau ɗaya.

Malam Na-Samaru: Kin taɓo inda ke yi wa ra'ayin ciwo. Engels ya ɗan shiga batun a littafinsa na 1884 a kan asalin iyali, ya ce samarwa iri biyu ce, ta abin rayuwa da ta mutanen kansu, amma ba a bi ta da nisa ba sai a shekarun 1970 da mata masana suka tayar da ƙura a kai. Rubuta shi a jarrabawar, in malaminki ya rage miki maki ki turo shi nan.

Hajiya Mai Ƙuli: A turo shi wajena dai, dutsen yana nan bayan ɗaki. In ya niƙa kwano ɗaya sai ya faɗa mana ko tushe ne ko gini.

Mai Adaidaita: Layi ya motsa, sai anjima.